Daso Ta Yi Nata, Saura Masu Rubuta Labari



Ranar Talata 9 ga Afrilu, 2024, wadda ta yi daidai da 30 ga Ramadan 1445, Allah ya karɓi ran Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, a birnin Kano. Ta yi sahur ta koma ta kwanta, shi ke nan ba ta farka ba. Washegari aka yi Ƙaramar Salla. Shekarunta 56 a duniya.

Tun daga lokacin zancenta bai mutu ba a majalisunmu, daga bakin tasha har rumfunan Dei-Dei da Karmo. Wasu na cewa baiwar Allah ta dace da kyakkyawan ƙarshe. Wasu na cewa me ya haɗa mutumin kirki da zancen 'yar fim? Har ma akwai mai ce mana, ku da kuke jan mutane salla idan liman ya yi tafiya, ina ruwanku da wannan? To ruwanmu da shi kuwa. Finafinan nan suna cikin ɗakunanmu, suna cikin wayoyin matanmu da 'ya'yanmu, kuma yarinyar da aka haifa a unguwar nan, wadda ba ta zuwa Kano ko Katsina sai da Salla, mafi yawan abin da ta sani game da zaman gidan Bahaushe a fim ta gan shi. Abin da ya shiga gida haka, dole mai gida ya duba shi.

Hukuncin lahira na Allah ne, ba mu da hannu a ciki. Aikin da ta bari shi za mu auna. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a yabon buhu daga baki, sai an kwance an zura hannu har ƙasa.

An haifi Saratu Giɗaɗo ranar 17 ga Janairu, 1968. A Kano ta tashi, ta yi karatu, ta kuma taɓa aikin koyarwa kafin ta shiga fim. Fim ɗinta na farko shi ne Linzami da Wuta, na kamfanin Sarauniya, a shekarar 2000. Daga nan sai Nagari, Gidauniya, Mashi, Sansani da wasu masu yawa. A zamanin Sarki Muhammadu Sanusi II an ba ta aikin jakadiya a fadar Kano. A shekarunta na ƙarshe yara sun fi saninta da gajerun bidiyo na barkwanci da take sakawa a TikTok.

Ku lura da shekarar da ta fara. Tana da shekara 32 ta shiga sana'ar, a daidai lokacin da kasuwar fim ke neman 'yan mata masu rawa da waƙa irin ta Indiya, bayan Sangaya ya yi kasuwa a 1999. Mace mai shekara talatin da ɗoriya ba ta da wuri a lambun da ake rera waƙar soyayya. Abin da ya rage mata shi ne uwa, ko uwar miji, ko kishiya, ko matar uba, ko ƙawar da ke raka mutum gidan boka. Wasu sun karɓi wannan gurbi sun zama iyaye masu haƙuri da hawaye. Ita kuwa ta ɗauki wanda kowa ke gudu, wato muguwa, ta riƙe shi shekara ashirin da huɗu.

Masu cewa fitowar mace a wasan kwaikwayo baƙon abu ne da Turawa ko Indiyawa suka kawo, sai su tuna da wasan gauta. Matan gidan sarauta ne ke yin sa, ɗaya ta yi shigar sarki, sauran su yi ta hakimai da fadawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, sarkin kuma yana zaune yana kallo. A nan yake ganin abin da bafade ba zai iya faɗa masa ba. Su tuna da tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kwana goma, inda 'yan mata ke yin Mairama da Daudu suna nuna zaman aure ƙofa ƙofa. Daga baya wasan ya shiga makarantu da littattafai, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Ya shiga rediyo da talabijin a Kaduna da Kano da Jos, zamanin su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, kuma a cikinsu akwai mata irin su Hajiya Ladin Cima, wadda muka sani da Tambaya. Sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, wanda daga gare shi ake lissafin wannan sana'a da aka raɗa wa Kannywood. Daso ta fito ne daga wannan zuri'a. Aikin matan wasan gauta ta gada, na nuna wa mutane halinsu su gani da idonsu. Kuma ikon Allah, ita ma sai da ta yi aiki a fada.

Mu fara da abin da ta iya, don ta iya ɗin.

Yawancin masu fitowa a mugaye ihu kawai suka sani. Daga shigowarsu sun ɗaure fuska, sun ɗaga murya, ka san inda aka dosa. Daso ta gane cewa muguntar cikin gida da sallama take shigowa. Za ka gan ta ta durƙusa tana gaida mai gida, murya kamar zuma, yana juya baya fuskar ta sauya tun kafin ya kai ƙofa. Hararar takan riga maganar fita. Ta san inda ake tafa hannu, inda ake riƙe haɓa, inda ake murguɗa baki, da inda ake yin shiru a bar kishiya ta ƙone da kanta. Hausarta kuma ta tsakar gida ce, cike da habaici da gatse da gugar zana, irin wadda ba a koya a aji. A zamanin da kyamara ɗaya ce, sauti ba ya fita sosai, labari kuma sau da yawa a baki ake faɗa wa ɗan wasa a wurin ɗauka, fuskarta da harshenta su suka riƙe finafinai da dama da ba don ita ba da ba a kai ƙarshensu.

Shaidar gwanintarta ita ce yadda mutane da yawa suka kasa raba ta da abin da take kwaikwayo. Akwai tsofaffi a unguwar nan da in ta fito a allo sai su fara tsine mata kamar tana jin su. Wannan ba a kanta aka fara ba. Masu kallon finafinan Indiya na da sun san Lalita Pawar, tsohuwar nan mai ƙanƙantaccen ido ɗaya da ta shekara da shekaru tana fitowa a muguwar uwar miji har ta rasu a 1998. Maƙwabtanmu Inyamurai suna da Patience Ozokwor, wadda suke kira Mama G, ita ma haka. Kowace al'umma tana da macen da ta ɗora wa wannan kaya. Amma hankali ya san wanda ya zana hoton maciji bai sari kowa ba. Abokan aikinta da suka yi magana bayan rasuwarta, da raha da son mutane suka ambace ta. Wanda ya zage ta saboda rawar da ta taka, to ya ci naman baiwar Allah a banza, sai ya nemi gafara.

Yanzu kuma ga inda buhun ya gauraya da tsakuwa. Laifin da muke gani mafi girma a finafinan da aka sa ta yana wuyan masu rubuta labari da masu ba da umarni.

Ku ɗauki irin labarin da aka saba ba ta. Ga gida, ga mata biyu, ko ga amarya da uwar miji, ko ga marainiya a hannun matar uba. Ɗaya salihar baiwa ce, ba ta ɗaga kai, sai kuka da addu'a. Ɗayar kuwa muguwa ce tun daga fitowar farko, ba a gaya mana dalili. Haka aka haife ta. Sai ta tafi wurin boka, a binne laya, a zuba magani a abinci, a juya kan mai gida. Ana nan ana nan, saura minti biyar fim ya ƙare, sai asiri ya karye, ta haukace ko ta makance ko 'yan sanda su tafi da ita, ko ta faɗi tana neman gafara. A rubuta alhamdu lillahi. An ce an yi wa'azi ke nan.

Tambayarmu ita ce, ina mijin? A irin wannan labari namiji kusan kullum wanda aka zalunta ne. In ya wulaƙanta uwargida, asiri aka yi masa. In ya kori ɗansa, sammu ne. In ya kasa adalci tsakanin matansa, makircin mata ne ya fi ƙarfinsa. Ba a cika nuna shi yana ƙaro aure alhali buhun masara ya gagare shi ba. Ba a cika nuna shi yana sayo wa amarya atamfa a ɓoye, ko yana kai sirrin wannan ɗakin wancan ɗakin ba. Bokan nan da ake yawan kawowa, a ganinmu, hanya ce ta wanke namiji. Da zarar an ce asiri ne, an sauke masa nauyin da aka ɗora masa na riƙon gida.

Mu kuwa da ake kawo wa ƙorafin aure bayan Magariba, abin da muke gani daban ne. Ba za mu kama sunan kowa ba, kuma duk wanda ya taɓa zaman sulhu a unguwar nan ya san haka ne. Mutum ya kama ciki da falo na haya, ya tara mata biyu da 'ya'ya bakwai, bayan gida ɗaya da sauran 'yan haya, ruwa sai an saya wurin mai kura. Ya fita tun asuba ya nufi kasuwa ko cikin gari, ba ya dawowa sai bayan Isha. Kuɗin cefanen da yake bayarwa tun kafin a cire tallafin mai a 2023 shi yake bayarwa har yau. Matan nan an ɗauko su daga garuruwansu, babu uwa kusa, babu gwaggo, babu yayar da za a kai wa kuka. In rikici ya tashi sai a ce wance muguwa ce, ta zama Daso. Eh, akwai mata masu mugun hali, ba mu musa ba, mun gan su. Amma in aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar wutar daga aljihun mai gida ko daga harshensa ta taso. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kada a ce Bahaushe bai iya rubuta irin wannan ba. Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito tun 1968. A can Hayatu, mijin Halima, shi ne mai yawon banza, shi ne mai barin gida babu abinci, shi ne mai duka. An nuna laifin namiji ƙarara, an kuma karanta littafin a makarantu shekara da shekaru ba wanda ya ce an ci mutuncin maza. Abin da marubuci ya iya a 1968, me ya hana masu fim shi bayan shekara talatin da arba'in? Amsar a kasuwa take. Muguwar kishiya tana sayar da kaset, kuma labarinta ba ya buƙatar dogon tunani. An sami mace mai baiwa irin Daso, maimakon a ba ta labarin da za ta nuna yadda mace mai kirki ke lalacewa sannu a hankali saboda rashin adalci, sai aka yi ta ba ta tukunya ɗaya tana dafa abu ɗaya. Wadda ta iya sauya fuska cikin ƙiftawar ido, da ta iya nuna mana wannan sauyin na shekara goma. An yi asarar ta ta nan.

Ita ma tana da nata kason, kuma gaskiya ba ta hana addu'a. Akwai finafinan da ta wuce gona da iri, ihu ya yi yawa, zagi ya yi yawa, har muguntar ta koma abin dariya. Nan kuwa akwai haɗari. Idan mai zagi ya fi kowa iya magana a fim, salihar kuma ba ta da abin yi sai sharɓar kuka, wa kuke jin yarinya 'yar shekara goma za ta kwaikwaya? Ku saurari yaranmu a bakin famfo ko a hanyar Islamiyya. Ba za ku ji suna maimaita nasihar da malamin cikin fim ya yi a minti biyar na ƙarshe ba. Murguɗa bakin da tafa hannun su suke ɗauka. Awa biyu ana koyar da habaici, minti biyar ana cewa ba kyau, ai kowane ɗan kasuwa ya san wanne ya rinjayi sikeli. Mace mai basira da girma irin nata, da ta riƙa mayar da wasu labaran tana cewa a gyara, da an ji maganarta fiye da ta ƙananan yara.

Sai dai kafin mu tsananta, mu duba yadda ake biyan iyaye mata a wannan sana'a. A watan Fabrairu na 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun kafin a haifi yawancin jaruman yau, ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce dubu biyu zuwa dubu biyar ba, har ta kasa mallakar muhalli. Wasu manyan masu shirya fim, cikinsu har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun fito sun ce su dai sun biya ta fiye da haka. Aka yi ta cacar baki. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya ya fito fili: ana biyan tsofaffin nan ne gwargwadon fitowa, a tafin hannu, babu fansho, babu wani kaso da ke biyo baya in fim ya yi kasuwa. Wanda ke cin abinci daga fitowa zuwa fitowa, da wuya ya ce wannan labarin bai yi masa ba. Mu da muke ɗaukar yaran shago da 'yan dako mun san haƙƙin wanda ya yi maka aiki ba abin wasa ba ne. Amina Garba ta rasu a 2010, A'isha Ɗankano a 2016, Hauwa Maina a 2018, Binta Ƙofar Soro a 2019, Zainab Booth a 2021, ga Daso a 2024. Waɗannan su suka riƙe gurbin iyaye a finafinan Hausa. Duk wanda ya ci riba da fuskokinsu ya tambayi kansa abin da ya ba su.

Masu sa ido ma muna da magana da su. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000. Hankalinta da na ƙungiyar masu shirya fim ya fi karkata ga sutura da rawa da taɓa jiki. A 2016 an kori Rahama Sadau daga sana'ar saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. Kula da sutura da kunya daidai ne, muna goyon baya. Amma tarbiyya ba a mayafi kaɗai ta tsaya ba. Fim ɗin da kowa ya rufe jikinsa ruf, amma ya koya wa yarinya cewa kishiya abokiyar gaba ce tun kafin a ɗaura aure, uwar miji kuma mayya ce, boka kuma aikinsa yana ci, wannan fim ɗin ya yi ɓarnar da ido ba ya gani. Mun sha zama da amaren da suka shigo gidan miji da shirin yaƙi, ba a yi musu komai ba tukuna. In ka tambaya, ba daga uwa suka ji ba.

Yanzu kasuwar kaset da faifai ta mutu, an koma dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Dogon zango yana da fili. Labarin da ake ja har kashi hamsin yana da lokacin da zai nuna yadda gida ke rushewa daga tushe, da hannun kowa a ciki. Muna roƙon marubuta, musamman matan da suka shigo rubutun fim daga rubutun littattafai, su ba 'yan wasan da suka gaji Daso abin da ita ba a ba ta ba. A nuna muguwar, amma a nuna mana ranar da ta fara, da wanda ya tura ta. A ba mai haƙurin ma baki da wayo, don yara su ga kirki ba wauta ba ne. A rage boka. A bar namiji ya ɗauki laifinsa da hankalinsa a jikinsa.

Mu kuma iyaye a nan Jiwa, hana kallo ya riga ya gagara, tunda wayar tana hannun kowa. Abin da bai gagara ba shi ne zama tare da su. In an saka tsohon fim ɗin Daso, mai gida ya daure ya zauna ko na rabin awa. In an ƙare ya tambayi yaran, me ya sa matar nan ta zama haka, kuma me mijin ya yi ko ya kasa yi? Zai ji amsoshin da za su ba shi mamaki, wataƙila ma ya ji wadda ta shafi ɗakinsa. Matan wasan gauta sarki suke yi wa wasa, shi kuma ya zauna ya kalla don ya gyara mulkinsa. Mai gida ma sarki ne a gidansa, bai fi ƙarfin ya zauna ba.

Allah ya jiƙan Hajiya Saratu Giɗaɗo, ya gafarta mata kurakuranta, ya sa azumin da ta rasu a cikinsa ya cece ta. Allah ya jiƙan sauran da suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri. Mu kuma ya ba mu ikon yin adalci a gidajenmu, ya sa mu cika da imani. Amin.